Kukan kurciya jawabi ne: muhawara kan ƙidayar namun daji da kunne

Ɗalibin Tsuntsaye:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shekaranjiya na dawo daga fadama, can wajen Nguru, kuma tun da na dawo wani abu yake cina a rai. Aikin karatuna ne ya kai ni. Na ɗaura 'yan na'urorin naɗar sauti guda biyar a jikin bishiyoyi, na bar su mako uku, sannan na koma kwasowa. Sunan na'urar AudioMoth, masu bincike na jami'o'in Southampton da Oxford a Ingila ne suka ƙirƙiro ta. Tafin hannu ya fi ta girma, batir uku take ci irin na ƙaramar rediyo, da memori irin na waya. Na saita kowacce ta riƙa naɗar minti ɗaya cikin kowane minti goma, dare da rana.

Da na sa abin sauraro a kunne sai na ji fadamar da ban taɓa sani ba, alhali na sha kwana a cikinta. Da asuba fakara ce ke buɗe fage, sai kurciya ta karɓa, sai ragon maza ya shigo da kukan nan nasa kamar ana tsiyayar ruwa daga gora. Wajen ƙarfe biyun dare kuwa garken kirinjijiya ne ke wucewa ta sama suna fito, abin da ido ba zai taɓa ƙirga mini ba. Amma mako uku cur, ban ji kukan gauraka ko sau ɗaya ba. Tsohon masuncin da ya sauke ni ya ce suna yara kukan gauraka ne ke tashinsu sallar asuba. Tambayata ita ce: za mu iya dogara da kunnen na'ura mu san abin da ya rage mana a daji da abin da ya tafi?

Baba Maharbi:
Wa alaikumus salam. Ɗana, sannu da hanya. Jikana ne ke rubuta mini, ni ina faɗa. Abin da kake kira sabon ilimi, da shi muka ci abinci shekara da shekaru. Maharbin da bai iya sauraro ba, gara ya zauna a gida. In ka ji carki ya tashi yana tsiwa, akwai babbar dabba kusa, kuma ita ma ta riga ta san da kai. In bika suka yi haushi irin na tsoro, ba irin na faɗansu ba, damisa na wurin. In daji ya yi tsit lokacin da bai kamata ba, wannan ma magana ce. To na'urarka ta ji kukan fakara, amma ta san bambancin fakarar da ke gaida gari da wadda ta ga muzuru? Kukan kurciya jawabi ne, mai hankali ke ganewa. Ƙarfe ba shi da hankali.

Ɗalibin Tsuntsaye:
Allah ya ƙara girma, Baba. Ban musa muku ba. Abu ɗaya kawai ta fi ni da ku: ba ta barci, ba ta gajiya, sauro bai dame ta ba, kuma dabba ba ta jin ƙanshinta ta gudu. Sannan abin da ta ji yau, bayan shekara talatin wani zai iya kunnawa ya ji shi yadda yake.

Malama Uwar Biyu:
Baba, ina neman afuwa in sa baki. Akwai maganar da ko kunnenku mai kaifi ba zai kama ba, domin Allah ya yi wa kunnen ɗan Adam iyaka. Sauti girgizar iska ne. Mu muna jin wanda ke girgiza daga wajen sau 20 zuwa sau 20,000 a daƙiƙa. Abin da ya yi ƙasa da haka ko ya haura, ya wuce mu. A 1984 wata mata 'yar Amurka, Katy Payne, wadda ta daɗe tana nazarin waƙar manyan kifayen teku, ta zauna kusa da giwaye a gidan zu na birnin Portland. Ba ta ji komai da kunne ba, amma ta riƙa jin iska na bugawa a jikinta. Ta dawo da na'ura ta naɗa, da aka ƙara wa faifan sauri sai ga giwaye suna ta zance da wata murya mai kauri da ke ƙasa da jinmu. Irin wannan gurnani yana tafiya kilomitoci. Daga nan ne a 1999 ta kafa shirin sauraron giwaye a Jami'ar Cornell.

Dalilin da ya sa abin ya zama dole shi ne, giwar fili irin ta Yankari ana iya hango ta, har daga jirgin sama a ƙirga. Giwar kurmi ta ƙasashen Kwango da Gabon da Afirka ta Tsakiya kuwa, sai mutum ya yi wata bai sa ta a ido ba, da kashinta ake ƙiyasta yawanta. A gandun dajin Nouabalé-Ndoki na Kwango Brazabil sun kafa na'urori 50 a faɗin ƙasa murabba'in kilomita 1,250, suna sauraro ba dare ba rana. Kuma ba don nishaɗi ba ne: wani bincike ya nuna giwar kurmi ta ragu da kashi 62 cikin ɗari tsakanin 2002 da 2011 saboda masu neman haure.

Baba Maharbi:
Wannan na yarda da shi, 'yata. Na taɓa kwana kusa da garken giwa a ƙuruciya, ƙirjina ya riƙa rawa ban san dalili ba. Na ɗauka tsoro ne. Ashe magana suke yi.

Mai Gyaran Waya:
Ni inda na tsaya shi ne lissafi. Malam Ɗalibi, minti ɗaya cikin goma, awa biyu da minti ashirin da huɗu ke nan a rana ga na'ura ɗaya. Mako uku ya haura awa hamsin. Ka ninka da yawan na'urorinka. Kai kaɗai ka zauna ka saurari duk wannan? Masu na'ura 50 kuma fa?

Ɗalibin Tsuntsaye:
Yayana, ka taɓo inda aikin yake. Ba a sauraron duka. Kwamfuta tana mayar da sauti hoto: lokaci na tafiya daga hagu zuwa dama, siririyar murya a sama, kakkaura a ƙasa. Kowane kuka da zanensa. Na kirinjijiya 'yan layuka uku ne a sama kamar an yi yakushi, na kurciya ɗigo-ɗigo ne a ƙasa, gyare kuwa layi ɗaya ne miƙaƙƙe da ba ya yankewa duk dare. In ido ya saba, sai ka duba awa guda cikin 'yan mintoci. Sannan akwai manhajar BirdNET, ta Cornell da wata jami'a a Chemnitz ta Jamus, mai aiki da ƙirƙirarriyar basira. Tana yanka sautin daƙiƙa uku-uku, ta kwatanta da abin da aka koya mata, ta ce wannan tsuntsu kaza ne. Ta san nau'i sama da 6,000.

Sai dai in faɗi gaskiya, a fadamarmu tana yawan tuntuɓe. Tsuntsayen da ke zuwa mana daga Turai da sanyi ta fi gane su, domin an naɗe su sau dubbai a can. Namu na gida kuwa wani lokaci sai ta yi shiru, ko ta laƙaba wa kwaɗo sunan tsuntsu. Akwai inda ƙarar injin ban-ruwa ta rufe komai tun safe har azahar. Iskar hunturu ma in ta taso, faifan duk ya zama huuu. Dole duk abin da ta faɗa in koma in tabbatar da kunnena.

Mai Gyaran Waya:
To ashe wadda aka koya wa karatu da bakin wasu ce. Ba laifinta ba ne, ba mu ba ta namu ba.

Manomin Fadama:
Salamu alaikum. Ni ba ɗan boko ba ne sosai amma maganar nan ta shafe ni. Shinkafa nake nomawa. Da, in ruwan farko mai ƙarfi ya sauka, daren nan ba mai barci a unguwarmu saboda kwaɗi. Wani na ƙara kamar ana buga ƙwarya, wani kamar ana jan zarto, ƙananan kuma kamar ƙararrawa. Mahaifina da kukansu yake sanin ƙasa ta sha, gobe a fita shuka. Yanzu damina ta kai tsakiya sai ka ji ɗaya nan, ɗaya can. Ni a zuciyata maganin feshi nake zargi, domin duk mun koma feshin ciyawa, kuma a bakin ruwan muke wanke tankin feshin. Har da ni. Amma in na faɗa a majalisa sai a ce tsufa ne ya fara taɓa mini kunne.

Malama Uwar Biyu:
Malam, abin da ka ji ba ƙarya ba ne, kuma fatar kwaɗo tana shan duk abin da ke cikin ruwa, shi ya sa yake cikin masu fara jin jiki. Amma ka ga inda matsalar take: ba ka da shaidar da za ka ajiye a gaban majalisa. Kuma ko an yarda sun ragu, sai an bambance dalili. Feshi ne? Ko kududdufan da suke ƙwai ne aka cike aka yi gini? A fadamar Haɗeja da Nguru ma ruwan kansa ya sauya tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ga kacalla ta toshe hanyoyin ruwa. Kowanne cikin waɗannan zai iya kashe murya.

Akwai wani Ba'amurke, Bernie Krause, da ya naɗi sautin wani daji a tsaunukan Kalifoniya a 1988, kafin masu katako su shiga. Sun ce bishiya ɗaiɗai za su cire, dajin ba zai ji ba. Bayan shekara ya koma wuri ɗaya, lokaci ɗaya. A hoto daji na nan kore shar. A faifai kuwa yawancin tsuntsayen sun yi shiru. Abin da ya ba maganarsa ƙarfi shi ne yana da na kafin da na bayan. Mu na kafin ne ba mu da shi. Gaurakar da ɗalibinmu bai ji ba, ba wanda ya naɗa mana ita a wurin lokacin da take da yawa, sai abin da ke cikin kan tsofaffi.

Manomin Fadama:
To in na ajiye wayata a bakin gona cikin dare ta naɗa, ya isa shaida?

Ɗalibin Tsuntsaye:
Ya isa mafari, Baba Manomi. Sharaɗin kawai ka riƙe wuri ɗaya da lokaci ɗaya, misali minti biyar bayan sallar isha'i, daren da aka yi ruwa. Kafin ka yi shiru ka faɗi kwanan wata da sunan wurin a cikin faifan, don kada ya ɓace. Ka yi a gonar da ake feshi, ka yi a wani kududdufin da feshi bai kai ba. Damina uku in ka jera, kana da abin nunawa.

Na Garwa:
Gaisuwa daga Kamaru. A nan an gwada abin ta wata fuska. A gandun dajin Korup, kusa da iyakar Najeriya ta kudu, masu bincike sun kafa irin waɗannan na'urori, amma ƙarar bindiga suke ƙirgawa. Sun gano yawancin harbin da dare ake yi, kuma yana ƙaruwa gab da bukukuwan ƙarshen shekara. Da can ma'aikatan gandun daji sai dai su ƙirga kwanson harsashin da suka tsinta, su rubuta rahoto cewa sintiri na aiki. Na'ura ta zo ta nuna ainihin yawan harbin da ake yi a bayan idonsu. A ganina wannan ya fi ƙirga tsuntsaye amfani, domin yana gaya maka yaushe da ina za ka tura mutane.

Baba Maharbi:
Yauwa. Ga inda nake jira a zo. Ashe ɗan leƙen asiri ne aka rataye a bishiya. Ku faɗa mini, wa za a kama? Talakan da ya harbi zabo ɗaya ya kai wa iyalinsa. Mu da muka gāji farauta muna da doka tun kafin a zo da takarda: ba a harbin mai ciki, ba a harbin mai shayarwa, in damina ta faɗi a rataye baka. Dajin da na sani ba harbi ne ya cinye shi ba. Tirela-tirela na gawayi ne, da masu injin yanka da suka kwashe madobiya aka kai waje. Wanda ya sa hannu a takardar fitar da su yana zaune a ofis mai sanyi, ba na'urar da za ta ji ƙarar alƙalaminsa.

Na Garwa:
Baba, Allah ya huci zuciyarku. Ba irinku nake nufi ba. Wanda ke shiga da fitilar goshi da harsashi kwali-kwali, ya kwana bakwai yana kisa ya ƙyafe ya loda wa mota zuwa birni, ba ya bin dokar da kuka faɗa. Shi ne ya sa jikokinku ba za su ga gada ba. Kuma injin yankan ma ana kama shi da kunne. Akwai ƙungiyar Rainforest Connection da ta fara da tsofaffin wayoyin hannu da faifan sola a kan bishiyoyi a Indonesiya, in na'ura ta ji zarton inji sai ta aika saƙo nan take.

Baba Maharbi:
Ta aika wa wa? In wanda aka aika wa shi ne ya karɓi na goro ya buɗe hanya fa? Ɗana, ji ba shi ne matsalarmu ba. Duk ƙauyen sun ji ƙarar injin, ba kurame ba ne.

Malama Uwar Biyu:
Wannan maganar ta Baba ba ni da amsarta, kuma ba na son mu tsallake ta. Na'ura ba ta hana komai. Abin da nake gani kawai shi ne, in mutanen gari ne ke riƙe da faifan, ba baƙo ba, to ya zama makami a hannunsu. Ƙorafin baki ana iya cewa sharri ne. Faifai mai kwanan wata da ke nuna injin ya yi kwana goma sha biyu yana aiki a dajin da aka ce an killace, ya fi wuyar musantawa. Tambayar ita ce a hannun wa zai zauna.

'Yar Nima:
Sannunku, daga Ankara ta ƙasar Gana nake bi. Ni wata damuwa ce daban. Yayana Ɗalibi, na'urar da ke jin tsuntsu ai tana jin mutum. Mata na zuwa itace suna hirarsu ta cikin gida, makiyayi na waya da iyalinsa. Sun san ana naɗa? Sannan ka ce biyar ka ɗaura, amma tun ɗazu ban ji ka ce biyar ka kwaso ba.

Ɗalibin Tsuntsaye:
Kin kama ni, ƙanwata. Huɗu na samu. Ta biyar na tarar an yanke igiyar, an farfasa ta da dutse an bar ɓaraguzan a gindin bishiyar. Ba sata ba ce, domin ko batir ba a ɗauka ba. Daga baya na ji cewa wasu makiyaya da suka sauka bayan na tafi ne suka gan ta tana ƙyafta 'yar fitila, suka ɗauka an sa ta ne don a riƙa kai rahotonsu. A halin da ake ciki na rashin tsaro ban ga laifinsu ba, kuma na gode Allah da abin ya tsaya a kan na'ura, bai kai ga masuncin da ya raka ni ba. Kuskurena ne. Na je wurin mai gari da sarkin ruwa, na nuna musu, na kunna musu abin da take ɗauka, amma ban nemi arɗo ba. Game da muryoyin mutane, duk inda na ci karo da magana gogewa nake yi ba tare da na saurara ba, kuma na faɗa wa mai gari haka tun farko. Amma gaskiyarki, alƙawarin bakina ne kawai, ba wanda ke duba ni.

'Yar Nima:
To a riƙa rataya 'yar takarda da Hausa da ajami da Fulatanci a jikinta, da bayanin ko ta mece ce. Kuma abin da aka naɗa a mayar wa mutanen gari su ji. Mu nan muna da jemagu dubbai a bishiyoyin wajen asibitin sojoji na 37, in magariba ta yi sai sama ta yi baƙi. Su ma da na'urar ake ƙirga su?

Ɗalibin Tsuntsaye:
Waɗancan manyan masu cin 'ya'yan itace ne, da ido da hanci suke tafiya, kuma tun da a fili suke rataye, da ido ake ƙiyasta su. Ƙananan masu cin ƙwari su ne ke fitar da siririn sauti sama da jinmu, su saurari dawowarsa su gane hanya. Su kam na'ura ce kusan hanya mafi sauƙi ta sanin nau'in da ke wuri, domin sautin wani ya bambanta da na wani.

Ɗan Maraɗi:
Barkanku da hira. Ina so in rage wa abin zaƙi kaɗan. Tsuntsun da ya fi ɓacewa a idona shi ne ungulu. Muna yara mahauta ba ta rabuwa da su, yau sai ka shekara ba ka ga ɗaya ba. Ungulu kuwa kusan ba ta kuka. Da za ka rataye na'ura dubu a Maraɗi tun shekara talatin, ba za ta gaya maka ungulu ta tafi ba. Haka raƙuman dawa na Kure, kusa da Yamai: da hoto ake ƙirga su, domin zanen jikin kowanne daban ne. Kunkuru, damo, maciji, duk shiru. Har masu kukan ma, in ka ji kuka ɗari, tsuntsu ɗari ne ko guda ɗaya ne mai surutu kamar suda?

Ɗalibin Tsuntsaye:
Gaskiya ne, Yaya. Ta fi ƙarfi wajen cewa akwai, da kuma yaushe. Wajen cewa guda nawa, sai an haɗa da wasu dabaru, kamar a jera na'urori da yawa a gane daga ina kowane kuka ya fito. Kuma a nau'i da yawa namiji ne ke yawan kuka, musamman lokacin neman mace. Ko rashin jin gauraka da na yi bai isa in ce babu ita ba. Abin da zan iya cewa shi ne ba ta yi kuka kusa da bishiyoyi huɗu ba cikin mako uku.

Ɗan Maraɗi:
Madalla da ka faɗi haka. Amma ga inda nake ganin za ta yi mana rana. Kun san sassaben zamani da manomanmu suka runguma tun shekarun 1980, a bar kututture ya tofo a gona maimakon a ƙone shi. An ƙiyasta bishiya wajen miliyan 200 a kan hekta miliyan 5 a jihohin Maraɗi da Damagaram da kewaye. Tauraron ɗan Adam ya ga gawo da kalgo sun dawo. Abin da bai gani ba shi ne ko masu zama a kansu sun dawo. A ajiye na'ura a gonar da ta yi shekara ashirin da bishiya, a ajiye wata a ƙeƙasasshiyar gona, a kwatanta asubahinsu. Manomi da kansa zai ji bambancin, ba sai an yi masa lacca ba.

Malama Uwar Biyu:
An yi kwatankwacin haka a Ekwado, aka wallafa a 2023. Sun naɗi sauti a gonakin koko da makiyayar shanu, da wuraren da aka bari suna komawa daji, da tsohon kurmi. Sautin wuri yana ƙara kama da na tsohon kurmin gwargwadon yadda ya farfaɗo. Shawararka mai yiwuwa ce ƙwarai. Ni abin da ke ba ni tsoro shi ne jinkiri. A tsibirin Kauai na Hawai akwai wani ɗan tsuntsu da aka ji kukansa na ƙarshe a 1987, a 2023 hukumomin Amurka suka cire shi daga jerin masu rai. Muryarsa tana nan a faifai, na taɓa kunna wa ɗalibaina, ajin ya yi tsit. Su aƙalla sun riƙe muryar. Gauraka da muke kira tsuntsun ƙasa a Najeriya, ɗalibaina arba'in da ɗoriya ba wanda ya taɓa jin ta.

Shugaban Zaure:
Jama'a, maganar ta yi nisa kuma ta yi amfani. Kada ta tsaya a baki. Ɗalibi, ina ake ajiye irin waɗannan faifai, kuma wa ke wannan aiki a ƙasar nan?

Ɗalibin Tsuntsaye:
Ranka ya daɗe, akwai rumbun Xeno-canto da wasu 'yan Holan biyu suka buɗe a 2005, kowa na iya sa kukan da ya naɗa kyauta, kuma daga irinsa ake koya wa manhajoji. In ka duba taswirarsa, Turai cike take maƙil, yankinmu kuwa ɗigo nan ɗigo can. A gida akwai cibiyar nazarin tsuntsaye ta A. P. Leventis a dajin Amurum kusa da Jos, su ne ke jagorantar aikin taswirar tsuntsayen Najeriya tare da ƙungiyoyin masu sa kai. Abin da nake buri shi ne kowane kuka mu ajiye shi da sunansa na Hausa da abin da manya suka sani a kansa. A nan ne nake roƙon Baba. Ga wani faifai na tura yanzu, daƙiƙa ashirin ne. Manhajar ba ta ce komai a kansa ba, ni ma ban gane shi ba. Wani gurnani ne can ƙasa-ƙasa, daga nesa.

Na Garwa:
Na saurara. Kamar babbar mujiyar nan mai jan fatar ido, tana irin wannan gurnanin.

Baba Maharbi:
An kunna mini sau uku. Ƙarfe nawa aka ɗauka?

Ɗalibin Tsuntsaye:
Shida saura kwata na safe, Baba. Ya sake fitowa kwana biyu bayan haka, kusan lokaci ɗaya, a na'urar da ke can gefen tudu, nesa da ruwa.

Baba Maharbi:
Ku sake saurara da kyau, ba murya ɗaya ba ce. Ɗaya na bugawa, ɗaya na amsawa da 'yar siririya, kamar ganga biyu. Ni burtu na ji, miji da mata. Na sa kan burtu a goshina na yi rarrafe a ciyawa shekaru da yawa, na san muryarsa. Rabona da jin ta ya fi shekara ashirin, sai da jikana ya tambaye ni me ya sa na yi shiru. Amma mutumin Garwa bai yi wauta ba, mujiyar ma tana kai wa asuba kuma su ma suna amsa wa juna, ga faifan da nisa. Kada ka rubuta komai tukuna.

Ɗalibin Tsuntsaye:
Ba zan rubuta ba sai na gani da ido. Wata mai zuwa zan koma in Allah ya yarda, kuma wannan karon da arɗo zan fara. Ina zan ɗaura na'urar, Baba?

Baba Maharbi:
Ka bar bakin ruwa. Ka hau tudun, ka nemi tsohuwar kuka mai kogo, a irinta yake ƙwai. Ka tambayi yaran da ke kiwo, su ke ganinsa yana tafiya a ƙasa yana tsintar fara da ƙadangaru. In ka sami kukar kada ka ɗaura a jikinta, ka ja baya kamar taki ɗari, ka juya bakin na'urar ya kalle ta, ka ba iska baya. Kuma wurin ya tsaya tsakaninka da malaminka, kada ka sa shi a zauren nan, akwai masu sayen kansa. Sauran faifan da ba ka gane ba ka turo wa jikana guda goma-goma, bayan la'asar nake da sarari.